Kundin aiki: toshe masu neman kutsawa saba ta SSH

Litinin, 3 ga Maris 2025

Sabar ta haya ce, tana wata cibiyar ajiyar bayanai a Turai. Ubuntu 24.04 ne a kanta da OpenSSH 9.6p1 (manhajar SSH, hanyar da ake shiga saba daga nesa), sai nginx mai ɗauke da shafin ofis, da rumbun bayanai na PostgreSQL da ke gudana cikin Docker, manhajar da ke keɓe shi a cikin abin da ake kira kwantena. Masu kula da ita suna Kano, kuma yawanci da datar waya suke shiga. A riƙe wannan batu na datar waya, domin zai sake tasowa a gaba.

Kafin a taɓa komai sai da aka karanta kundin da sabar ke rubutawa:

`journalctl -u ssh --since "24 hours ago" | grep -E "Failed password|Invalid user"`

Layuka dubbai, dare da rana, babu tsayawa. Sunayen da ake gwadawa su ne waɗanda aka saba gani: root, asusun mai cikakken iko, a gaba, sai admin, ubuntu, test, oracle, postgres, git da pi. Babu wani mutum da ya zauna yana nufin wannan ofis. Manhajoji ne ke bin adireshin IP ɗaya bayan ɗaya suna ƙwanƙwasa ƙofar 22, wadda SSH ke saurare. Duka adireshin IPv4 kimanin biliyan 4.3 ne, kuma tun 2013 masu bincike a Jami'ar Michigan suka nuna da manhajar ZMap cewa kwamfuta ɗaya mai layin gigabit za ta iya zagaye su cikin ƙasa da minti 45. Mirai ta 2016 da jerin sunaye da kalmomin sirri kimanin 60 kacal ta kame na'urori masu ɗimbin yawa ta Telnet. Saboda haka sabuwar saba ba ta daɗewa kafin a gano ta.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ko wani ya riga ya shiga. An duba layukan da ke ɗauke da `Accepted` a duk tsawon kundin, an gwada lokutansu da adireshinsu da abin da masu kula suka sani. An duba `awk -F: '$3==0' /etc/passwd` don a tabbatar root kaɗai ke da lambar sifili, an buɗe `authorized_keys` na kowane asusu, an leƙa `crontab` na root da `/etc/cron.d`. Ba a ga baƙon abu ba. Da an gani, aikin da ke gaba sake gina sabar ne daga tushe, ba ƙara mata tsaro ba, domin wanda ya sami root zai iya goge sawunsa daga kundin da muke dogara da shi.

`ss -tlnp` ya nuna ƙofofi huɗu a buɗe ga kowa: 22, 80, 443 da 5432. Ta ƙarshen, ta PostgreSQL, ba ta da dalilin fuskantar intanet. An rubuta ta cikin abubuwan gyara.

Talata, 4 ga Maris

Ranar makullai. Kowane mai kula ya ƙirƙiri nasa a kan kwamfutarsa, ba a kan sabar ba:

`ssh-keygen -t ed25519 -a 100 -C "suna-laptop"`

An tilasta sa wa makullin kalmar buɗewa, don laptop ɗin da aka sace kada ya zama hanyar shiga kai tsaye. Ƙa'idar ita ce makulli ɗaya ga mutum ɗaya a na'ura ɗaya. Fayil mai ƙarewa da `.pub` shi kaɗai ke barin kwamfutar. Ɗan'uwansa marar `.pub` ba ya hawa WhatsApp, ba ya shiga imel, ba ya zama a filas.

A Linux da Mac `ssh-copy-id` ya wadatar. Windows na zuwa da ssh amma ba shi da wannan umarnin, sai a yi amfani da PowerShell:

`type $env:USERPROFILE\.ssh\id_ed25519.pub | ssh suna@203.0.113.10 "mkdir -p ~/.ssh && cat >> ~/.ssh/authorized_keys"`

Abin da ya fi hana makulli aiki shi ne izinin fayil. Foldar `.ssh` ta zama 700, `authorized_keys` 600, kuma gidan asusun kada wani ya iya rubutu a ciki sai mai shi. Idan ɗaya ya kauce, sshd, manhajar da ke karɓar masu shiga a sabar, zai ƙi makullin ba tare da ya gaya wa mai shiga dalili ba. A kundin sabar ne kawai za a ga `bad ownership or modes`.

An buɗe wa kowa asusunsa, an sa shi cikin rukunin `sudo` da sabon rukuni mai suna `masu-ssh`. Sannan an gwada allon gaggawa da kamfanin hayar ke bayarwa ta shafinsa, wanda ke kai mutum ga sabar ko da SSH ya mutu. Wannan allon kalmar sirri yake karɓa, ba makulli ba, don haka dole asusu ɗaya aƙalla ya ci gaba da riƙe kalmar sirri mai ƙarfi. An ɗauki hoton diski gaba ɗaya kafin a tashi.

Alhamis, 6 ga Maris

Gyaran sshd. A nan ne mutane da yawa ke zaton sun kulle ƙofa alhali tana nan a buɗe. Kusa da farkon `/etc/ssh/sshd_config` akwai layin `Include /etc/ssh/sshd_config.d/*.conf`, kuma dokar sshd ita ce darajar da ya fara cin karo da ita ita yake ɗauka, ba ta ƙarshe ba. A cikin waccan foldar an tarar da `50-cloud-init.conf`, wanda aka rubuta tun ranar da aka kunna sabar, ɗauke da layi ɗaya: `PasswordAuthentication yes`. Duk wanda ya je babban fayil ya rubuta `no` ya yi aikin banza, domin na cikin foldar ya riga shi.

Ana karanta fayilolin bisa jerin sunayensu, shi ya sa aka sa wa namu `00-tsaro.conf`:

```
PermitRootLogin no
PasswordAuthentication no
KbdInteractiveAuthentication no
AuthenticationMethods publickey
AllowGroups masu-ssh
MaxAuthTries 3
LoginGraceTime 30
X11Forwarding no
AllowAgentForwarding no
AllowTcpForwarding local
```

Layi na uku ba ado ba ne. Idan aka bar shi a kunne, PAM, tsarin tantance masu shiga na Linux, na iya tambayar kalmar sirri ta wannan hanyar ko da an kashe ta a layi na biyu. An bar `AllowTcpForwarding local` ne saboda za a buƙace shi wajen kaiwa ga PostgreSQL.

Tsarin aiwatarwa: a bar tagar da aka shiga da ita a buɗe, a gudanar da `sudo sshd -t` don kama kuskuren rubutu, a sake kunna ssh, sannan a gwada shiga daga sabuwar taga. Tsohuwar haɗuwa ba ta yankewa idan an sake kunna sshd, ita ce hanyar komawa baya idan abu ya lalace. Bayan haka sai `sudo sshd -T | grep -Ei "passwordauth|permitroot|kbdinter|allowgroups"`, wanda ke nuna abin da sshd ya ɗauka a zahiri bayan ya haɗa duk fayilolin. Gwajin ƙarshe daga wata kwamfuta:

`ssh -o PubkeyAuthentication=no -o PreferredAuthentications=password suna@203.0.113.10`

Amsar da ta dawo ita ce `Permission denied (publickey)`. Haka ake so.

`MaxAuthTries 3` ya jawo matsala ga mai makullai da yawa a cikin ssh-agent. Kwamfutarsa na miƙa su ɗaya bayan ɗaya, sabar na ƙirga kowanne a matsayin yunƙuri, sai ta yanke shi da `Too many authentication failures` kafin a zo kan na gaskiya. Maganin yana wajen mai shiga: a `~/.ssh/config` ya rubuta `IdentityFile` na makullin da ya dace tare da `IdentitiesOnly yes`.

Wani abu da ya kamata a faɗa tun yanzu: makulli na kare mutum daga masu cankar kalmar sirri, amma ba ya kare shi daga ɓaraka a cikin sshd ɗin kansa. A ranar 1 ga Yuli 2024 kamfanin Qualys ya bayyana CVE-2024-6387, wadda ta shafi OpenSSH daga 8.5p1 zuwa 9.7p1 a kan Linux, kuma ba ta buƙatar suna ko kalmar sirri. Namu 9.6p1 ne, yana cikin jerin. Ubuntu ba ya sauya wannan lambar idan ya yi gyara, faci yake liƙawa, don haka an tabbatar ta `apt changelog openssh-server | grep CVE-2024-6387`. Facin na nan.

Litinin, 10 ga Maris

Katangar tsaro da ufw. Jerin na da muhimmanci, a buɗe SSH kafin a kunna katangar:

```
sudo ufw default deny incoming
sudo ufw default allow outgoing
sudo ufw allow 22/tcp
sudo ufw allow 80,443/tcp
sudo ufw enable
```

An duba `/etc/default/ufw`, `IPV6=yes` na nan. Sabar na da adireshin IPv6, kuma katangar da ta tsare IPv4 kaɗai rabin aiki ce.

`ufw status` ya nuna ƙofofi uku. Amma da aka gwada daga waje da manhajar lalubo ƙofofi, `nmap -Pn -p- 203.0.113.10`, sai ga 5432 a buɗe, tana amsawa. ufw bai yi ƙarya ba, bai dai san abin da Docker ke yi ba. Idan fayil ɗin compose, inda ake rubuta saitin kwantena, ya ce `"5432:5432"`, Docker na rubuta nasa dokokin a teburin nat, yana karkatar da saƙon zuwa kwantena tun a matakin PREROUTING. Daga nan saƙon ta sarƙar FORWARD yake bi, ba ya biyowa ta INPUT inda dokokin shigowa na ufw suke zaune. Ma'ana rumbun bayanan ofis na fuskantar duniya ko an kunna ufw ko ba a kunna ba.

Wannan ya fi batun SSH hatsari. Kundin kwantenar, ta `docker logs`, cike yake da `password authentication failed for user "postgres"`. Mai asusun postgres na iya gudanar da umarni a kan na'urar ta `COPY ... FROM PROGRAM`, abin da ke nan tun PostgreSQL 9.3, kuma masu dasa manhajar haƙar kuɗin kirifto sun daɗe suna bin wannan hanyar.

An mayar da layin `"127.0.0.1:5432:5432"`, aka gudanar da `docker compose up -d` don a sake gina kwantenar, `restart` kaɗai ba ya ɗaukar sauyin ƙofa. Mai buƙatar rumbun daga nesa sai ya bi ta SSH:

`ssh -L 5432:127.0.0.1:5432 suna@203.0.113.10`

An sauya kalmar sirrin postgres da `\password` daga cikin psql. A kula: sauya `POSTGRES_PASSWORD` a fayil ɗin compose ba ya yin komai ga rumbun da ya riga ya wanzu, ranar ƙirƙirarsa kawai ake karanta shi. Akwai masu ba da shawarar a sa `"iptables": false` a saitin Docker. Ba a bi ta ba, domin tana karya fitar kwantenoni zuwa intanet sai an zauna an rubuta dokokin nat da hannu. Idan wata rana aka buƙaci kwantena ta buɗe ga wasu adireshi kaɗai, wurin rubuta dokar shi ne sarƙar DOCKER-USER.

An kuma kunna katangar da kamfanin hayar ke bayarwa daga wajen sabar, da ƙofofi uku ɗin nan. Docker ba shi da hannu a kan wannan katangar. An maimaita nmap, har da `nmap -6`. 5432 ta ɓace a duka biyun.

Laraba, 12 ga Maris

Sauya lambar ƙofar SSH. Wannan ba tsaro ba ne, rage hayaniya ne, don kundin ya karantu. Duk mai nmap zai gano sabuwar lambar. An guji 2222 saboda manhajojin sun san ta, an kuma guji 32768 zuwa 60999 saboda Linux na ɗibar lambobin wucin gadi daga can. An ɗauki 24822.

A Ubuntu 24.04 ba sshd ne ke riƙe ƙofar ba, `ssh.socket` ne na systemd. Wanda ya sauya `Port` ya sake kunna `ssh` kaɗai zai tarar har yanzu 22 ake saurare. Abin da ke aiki shi ne `sudo systemctl daemon-reload` sannan `sudo systemctl restart ssh.socket`. An buɗe 24822 a katangun biyu, an rubuta `Port 22` da `Port 24822` tare, kowa ya gwada sabuwar, sannan aka cire tsohuwar.

Juma'a, 14 ga Maris

fail2ban. Aikinsa ya karanta kundi, ya ƙirga gazawar kowane adireshi, ya toshe wanda ya wuce iyaka na wani lokaci. A sabunta jerin manhajoji kafin a girka shi: fitowar farko da ta zo da Ubuntu 24.04 ba ta tashi, tana faɗuwa da `No module named 'asynchat'` saboda Python 3.12 ya cire wannan ɓangaren, daga baya aka fitar da gyara.

Ba a taɓa `jail.conf`, sabuntawa na iya maye gurbinsa. Abin da aka rubuta a `/etc/fail2ban/jail.local`:

```
[DEFAULT]
backend = systemd
banaction = nftables-multiport
findtime = 10m
maxretry = 5
bantime = 1h
bantime.increment = true
bantime.maxtime = 1w
ignoreip = 127.0.0.1/8 ::1

[sshd]
enabled = true
port = 24822
mode = aggressive
```

Layin `port` shi ne inda ake yawan tuntuɓe. Idan aka bar shi yadda ya zo, fail2ban zai ce ya toshe adireshi, `fail2ban-client status sshd` zai nuna shi a jeri, amma dokar da ya rubuta a kan ƙofar 22 take, mai kutsen kuwa na ci gaba da aikinsa a 24822. Ana gane gaskiyar ta `sudo nft list table inet f2b-table`, a ga lambar ƙofar da idanu.

Dalilin `mode = aggressive`: tun da aka kashe kalmar sirri, `Failed password` ya daina fitowa. Abin da ya rage layuka ne irin `Connection closed by authenticating user root ... [preauth]` da na masu haɗuwa su yanke ba su ce komai ba, kuma ba duka irin waɗannan ne saitin asali ke ƙirgawa ba. An gwada matatar, wato tsarin da ke tsinto layukan gazawa daga kundi, da `fail2ban-regex systemd-journal "sshd[mode=aggressive]"` don a ga tana kama layukan. Shi kuma `bantime.increment` da rumbun bayanan fail2ban yake tuna tsofaffin masu laifi, wanda asalinsa yake share abin da ya wuce kwana ɗaya. An ɗaga `dbpurgeage` zuwa `30d` a `fail2ban.local`.

Ga mai sabar da ke kan OpenSSH 9.8 ko sama: an raba sshd gida biyu, kuma yawancin layukan kundi da sunan `sshd-session` suke fitowa. Tsohuwar matata na iya wuce su ba ta gani ba, sai a duba `journalmatch`.

Laraba, 19 ga Maris

Kundin ya yi sauƙi sosai tun bayan sauya ƙofa. Abubuwa biyu ne suka fito fili.

Na farko, yawancin waɗanda suka gano sabuwar ƙofar ba sa kai yunƙuri biyar. Adireshi ɗaya ya gwada sau ɗaya ko biyu ya tafi, wani ya karɓa daga wata ƙasa. fail2ban adireshi yake ƙirgawa, don haka irin wannan harin da aka rarraba a kan na'urori masu yawa na wucewa ta ƙarƙashinsa. Ba za su shiga ba tunda babu kalmar sirrin da za a canka, amma suna kaiwa ga sshd, kuma abin da ya faru a Yulin 2024 ya nuna kaiwar kanta hatsari ce.

Na biyu shi ne datar waya. Kamfanonin waya ba su da isassun adireshin IPv4 da za su ba kowane layi nasa, sai su ɗora masu amfani da yawa a bayan adireshi ɗaya, tsarin da ake kira CGNAT. Kamar gidan haya ne mai ɗakuna da yawa da lamba ɗaya a bakin ƙofa: idan an hana wannan lambar shiga, an hana duk 'yan gidan. Ana gane shi cikin sauƙi. Adireshin da wayar ko modem ɗin ke nunawa zai fara da 10, ko ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, zangon da aka keɓe wa wannan aikin a 2012, alhali `curl ifconfig.me` zai nuna wani daban. Kuma na wajen na sauyawa da zarar an kashe data an kunna, wani lokaci ma ba tare da an taɓa komai ba.

Wannan ya rushe dabaru biyu da aka tattauna. Ba za a iya cewa adireshin masu kula kaɗai za a bari ba, domin ba su da tsayayyen adireshi. Ba kuma za a sa nasu a `ignoreip` ba, domin gobe na wani ne. Akwai ma yiwuwar mai kula ya gāji adireshin da aka toshe saboda laifin wata na'ura mai cuta; idan hakan ta faru, sai wani ya cire shi da `fail2ban-client set sshd unbanip` tare da adireshin. Dalilin haka ne ba a yi amfani da `ufw limit` ba: yana yanke duk adireshin da ya buɗe haɗuwa shida cikin daƙiƙa 30, abin da rubutun rsync ɗaya zai iya cikawa.

An kuma duba toshe ƙasashe, a bar Najeriya kaɗai. Jerin adireshin ƙasa ba ya zama daidai kullum, yana buƙatar sabuntawa, zai kulle mai kula da ya tsallaka Maraɗi ko ya tafi Umara, kuma na'urori masu cuta a cikin gida ma akwai su. Wahalarsa ta fi amfaninsa. Shawarar da aka tsayar: a janye SSH daga intanet gaba ɗaya, a mayar da shi bayan WireGuard, manhajar VPN mai buɗe keɓaɓɓiyar hanya zuwa sabar. An ajiye aikin zuwa bayan Sallah, lokacin da kowa zai samu zama a gwada tare.

Litinin, 24 ga Maris

Ƙananan ayyuka. An tabbatar `unattended-upgrades` na girka facin tsaro da kansa, da `sudo unattended-upgrade --dry-run --debug`. Ba a ba shi damar sake kunna sabar ba. Idan fayil ɗin `/var/run/reboot-required` ya bayyana, mutum ne zai zaɓi lokaci. An sa `SystemMaxUse=500M` a `journald.conf` don kundin kada ya cinye diski.

An ƙara sanarwa ga duk shigar da ta yi nasara, da layi ɗaya a ƙarshen `/etc/pam.d/sshd`:

`session optional pam_exec.so /usr/local/sbin/sanar-shiga.sh`

Rubutun na karanta `PAM_USER` da `PAM_RHOST`, yana aika saƙo ne kawai idan `PAM_TYPE` ya zama `open_session`, in ba haka ba zai aika har lokacin fita. Kalmar `optional` ce ake so. Da `required`, ranar da rubutun ya faɗi babu mai shiga. Layin `Accepted publickey` a kundi na ɗauke da zanen yatsan makullin da aka yi amfani da shi, ana gwada shi da `ssh-keygen -lf ~/.ssh/authorized_keys` a san na wace na'ura ne.

Alhamis, 3 ga Afrilu

WireGuard. Yana cikin ƙwayar Linux tun 5.6 ta 2020, `apt install wireguard` kayan sarrafa shi kawai yake kawowa. Abin da ya sa ya dace da wannan aikin: ba ya mayar da amsa ga saƙon da ba ya ɗauke da makullin da ya sani, don haka mai lalube ba zai ma tabbatar akwai shi ba, kuma makulli yake bi, ba adireshi ba, saboda haka sauyawar adireshin datar waya ba ta dame shi.

Makullai, a sabar da kuma kowace na'ura:

`umask 077; wg genkey | tee sirri.key | wg pubkey > fili.key`

A `/etc/wireguard/wg0.conf` na sabar an sa `Address = 10.66.0.1/24` da `ListenPort = 51820`, sai sashen `[Peer]` ga kowace na'ura da makullinta na fili da adireshi ɗaya tak, misali `AllowedIPs = 10.66.0.2/32`. Idan na'urori biyu suka sami adireshi ɗaya a nan, ta ƙarshe ce ke ƙwace shi, ta farkon ta zauna shiru ba tare da wani saƙon kuskure ba. A wajen mai kula:

```
[Peer]
PublicKey = makullin sabar na fili
Endpoint = 203.0.113.10:51820
AllowedIPs = 10.66.0.1/32
PersistentKeepalive = 25
```

`AllowedIPs` a nan sabar kaɗai ya ambata, don sauran zirga-zirgar mutum ta bi hanyarta ta yau da kullum. Da an sa `0.0.0.0/0`, komai zai zagaya ta Turai. `PersistentKeepalive = 25` na aika ɗan saƙo duk daƙiƙa 25 don na'urar CGNAT kada ta manta da hanyar. An buɗe `51820/udp` a katangun biyu, aka kunna da `systemctl enable --now wg-quick@wg0`. `sudo wg show` na nuna `latest handshake` idan an haɗu.

Matsalar da ta bayyana a kan wani layin waya: ping na tafiya lafiya, amma ssh na maƙalewa, ko ya shiga sannan ya daskare da zarar an buɗe babban fayil. Da `ssh -v` an ga yana tsayawa a `expecting SSH2_MSG_KEX_ECDH_REPLY`. Wannan alamar girman saƙo ce. wg-quick kan ɗauki MTU, wato iyakar girman saƙo, na 1420, hanyar wayar kuma ba ta ɗaukar saƙo mai wannan girman bayan an ɗora masa lulluɓin WireGuard. Ƙanana na wucewa, manya na ɓacewa. `MTU = 1280` a sashen `[Interface]` na na'urar ya warware shi. A kuma lura da agogo: gaisuwar WireGuard na ɗauke da lokaci, kuma sabar na ƙin wadda lokacinta ya gaza na wadda ta gabata, don haka laptop ɗin da agogonsa ya koma baya saboda mutuwar batirin ciki ba zai haɗu ba sai an gyara lokacin.

Bayan kowa ya shiga ta `ssh -p 24822 suna@10.66.0.1`, aka rufe ta waje:

```
sudo ufw allow in on wg0 to any port 24822 proto tcp
sudo ufw delete allow 24822/tcp
```

An cire 24822 daga katangar kamfanin hayar ma. Ba a sa `ListenAddress 10.66.0.1` a sshd ba da gangan. An bar wa katanga aikin. An ƙara `10.66.0.0/24` a `ignoreip`, tunda yanzu adireshin masu kula tsayayyu ne.

Talata, 8 ga Afrilu

An sake kunna sabar da gangan don a ga abin da zai dawo da kansa. wg0 ya tashi, ufw ya tashi, kwantenar PostgreSQL ta dawo a kan 127.0.0.1. Daga waje, ba tare da WireGuard ba, `nmap -Pn -p-` da `nmap -6` sun nuna 80 da 443 kawai. `nmap -sU -p 51820` ya ce `open|filtered`, wato bai sami amsa ba. Tun ranar Alhamis babu baƙon adireshi ko ɗaya a kundin ssh, jerin fail2ban ma ya soma ƙarewa yayin da wa'adin tsofaffin ke cika. An bar shi a kunne, ba ya cin komai, kuma zai yi amfani idan wani ya buɗe ƙofar a katanga bisa kuskure.

Yanzu hanyar da ta fi rauni ita ce asusun kamfanin hayar, domin mai shi na da allon gaggawa, yana iya sauya katanga, yana iya kwafe diski. An kunna masa tantancewa mataki biyu ta manhajar lambobi maimakon saƙon tes, saboda ana iya ƙwace layin waya ta sauya SIM. An buga lambobin ceto a takarda an kulle a ofis.

An rubuta matakan cire mutum idan ya bar aiki ko na'urarsa ta ɓata. A cire shi daga WireGuard da `sudo wg set wg0 peer` tare da makullinsa da kalmar `remove`, a kuma goge sashensa daga `wg0.conf`, in ba haka ba zai dawo ranar da aka sake kunna sabar. A goge layinsa daga `authorized_keys`, a fitar da shi daga rukunin da `gpasswd -d suna masu-ssh`. Duk wannan ba ya yanke haɗuwar da ke buɗe a lokacin, sai an bi da `loginctl terminate-user suna`.

Saura shafin shiga na masu kula da gidan yanar, wanda ke kan 443. Kundin nginx na nuna ana gwada shi, ana kuma neman `/.env` da `/wp-login.php` duk da babu WordPress a sabar. Aikin mako mai zuwa shi ne a sa `allow 10.66.0.0/24; deny all;` a kan wannan sashen, a kuma tsara yadda sunan shafin zai kai masu kula ga 10.66.0.1 idan suna kan WireGuard, domin idan suka bi ta adireshin waje nginx zai ga adireshin datar wayarsu ne ya hana su.